Ƙwarya da Burminta

Daren Asabar ne a Pitowa, gobe kasuwa.
Astabarka ta miƙo min mabuɗin ɗakin maganinta,
ta ce, "Yawuba, kwamfutar nan ta fara nawa.
Ka duba ta, amma kar ka ɓarar min da lissafi."

Daga Garwa na zo a bayan babur,
sabon tsari na cikin aljihun gaba,
siga ta ashirin da huɗu,
ba wanda ya karɓi ko sefa biyar a kanta.
Aikin mutum dubu ne da ban san fuskarsu ba,
irin rijiyar bakin hanya:
wasu suka gina, kowa ke sha.

Na kwashe tsohon, na zuba sabo.
Allo ya yi fes kamar ɗakin da aka shafe da farar ƙasa.
Sai na kira manhajar lissafin magani,
wadda ta san kwalin maganin zazzaɓi nawa ya rage,
ta san bashin da ake bin Hamajoda tun damina,
ta san ruwan tarin da zai mutu watan gobe.
Na kira, shiru.
Na sake kira, ta tofo layi ɗaya ja wur:
wanda nake jingina da shi ba ya gidan nan.

Ashe ba 'yar gida ba ce.
Wani ne can ya ɗinka ta shi kaɗai,
ya auna ta a jikin ashirin da biyu.
Jiki ya ƙara faɗi, riga ta tsaya a wuya,
kuma ban ga laifin tela ba.
Kakata mai fafe ƙwarya takan ce
kowace ƙwarya da abokiyar burminta.
Ni na ɗauko akushi na ce ta bi.

Ƙarfe sha ɗaya wuta ta ɗauke.
Batir ya ba ni awa biyu,
sauro ya ba ni aikin hannun hagu.
Abu ɗaya ya rufa min asiri:
mai ita bai sa wa cikinta kwaɗo ba.
Na shiga ina bin ɗinkin layi-layi.
A can sama ga sunansa, harshena ya kasa ɗauka,
ga kwanan wata na shekara shida da suka wuce,
ga kuma 'yar magana a ƙasa:
in ta ɓaci ka gyara, ka sanar da ni.

Na ji kunya, kamar na leƙa ɗakin mutum
na tarar ya bar min ruwa a randa.

A layi na ɗari uku da tara na kama ɓarakar.
Abin jinginar bai mutu ba, suna ya sake.
Tana kiransa da na yarinta,
shi kuwa ya daina amsawa.
Na sauya sunan a wuri uku,
na huɗun ya ɓuya har aka kira assalatu.

Motocin albasa suka fara shigowa.
Astabarka ta zo da shayi a kofin roba,
ta leƙa allo: kwali arba'in da bakwai,
Hamajoda, jaka shida da rabi.
Ta ce, "To rasit fa?"
Firinta ta yi mana kunnen uwar shegu.
Ita ma da nata burmin, ban samo shi ba tukuna.

Ranar da biro aka rubuta wa kowa.
Ta biya ni rabi, ta ƙara da ƙwaya biyu na ciwon kai.

Na aika wa mutumin gyaran nan huɗu.
Lahadi bakwai ke nan ina dubawa, bai amsa ba.
A bangon littafina dai na rubuta:
kafin ka rushe katanga,
zagaya baya ka ga wa ke jingine.